Na'urarku Ta Ƙi Karɓar Yatsana

Zuwa ga Shugaban kamfanin taki mai shirya gasar manoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni ne Malam Sale Inuwa, manomi a Zandam ta ƙasar Gwaram. Shekarun baya na ci gasarku ta noman dawa, kuka yi mini alkawarin taki duk damina muddin ina raye. Kun daɗe kuna cikawa, na gode. Abin da ya gajiyar da ni shi ne tantancewar da kuka ɓullo da ita, don ku tabbatar ba mu mutu ba.

Na farko, dole sai na je ofishinku na Birnin Kudu da kaina. Gwiwoyina sun lalace, Alhaji. Duk zuwan da na yi, sai na shafe kwanaki ina sallah a zaune.

Na biyu, bana da na ɗora babban yatsana, na'urarku ta ƙi karɓa, fartanya ta cinye zanen. Na wanke, na shafa mai, na gwada sauran yatsun, shiru. Ma'aikacinku ya dube ni ya ce, "Baba, ni dai na gan ka, amma na'ura ba ta gan ka ba." Ban ga laifinsa ba.

Na ukun ya fi yi mini ciwo. Aka ce ba a tabbatar ina raye ba, kafin maganar ta isa garin Sara, inda yayata take, ta koma wai na rasu. Yayata Hajo, tsohuwar da ba ta fita ko ƙofar gida, ta hau babur ta taho tana kuka. Ta tarar da ni a zaure ina gyaran igiya. Sai ta zauna a ƙasa, ta riƙe ƙafata. Har yau jininta bai sauka ba. Takin kuma bai zo ba, dawar ta yi ja a gona.

Ina roƙo ku riƙa turo mutum ƙauyuka ya gan mu, ko ku karɓi shaidar mai unguwa da liman. In hakan ba zai yiwu ba, ku faɗa mini gaskiya in haƙura, don ba zan ƙara hawa motar Birnin Kudu ba. Ranar da Allah Ya karɓi raina, babban ɗana zai kawo muku labari da kansa. Mun riga mun yi wannan magana da shi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka tsufa mai sauƙi.

Wassalam.

Malam Sale Inuwa, Zandam.