Ba Zan Ari Miji Don a Ba Ni Ɗaki Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, tura ta kai bango. Ni tela ce, bazawara, 'ya'yana mata biyu. Shekara tara muna haya a gida ɗaya, ba a taɓa jin kanmu da kowa ba. Mai gidan ya rasu, magada suka sayar, wanda ya saya ya ce shaguna zai gina, ya tashe mu. Watanmu uku ke nan muna kwana a shagona na ɗinki. In na tashi aiki sai in tura keke jikin bango, mu shimfiɗa katifa bayan labulen gwada kaya. Wanka sai a banɗakin kasuwa.

Kuɗin hayata na hannuna, wallahi! Amma duk gidan da na je tambayar ɗaya ce, wai ina mijina. Da na ce babu, sai a ce an riga an kama ɗakin. Wani dillali har da ba ni dabara, wai in samo kowane mai gemu ya raka ni a matsayin miji, in an miƙa makulli ya kama gabansa. Allah ya sawwaƙe! Na gaskiyar ma me ya tsinana mini, balle na aro?

Yanzu kuma yayana ya ce in wata ya ƙare ban samu ɗaki ba, zai kwashe yaran ya kai wa matarsa, wai shago ba wurin tarbiyya ba ne. Na daina ɗaukar wayarsa. Ƙarya ba zan yi ba, 'ya'yana kuma ba kaji ba ne da za a zo a kwasa. Amma ina tsoro, Anti, saura kwana goma sha biyu.

Taku,
Mai Keken Ɗinki

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin yi daidai da kika ƙi mijin aro. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da maƙwabta suka fara tambayar ina maigida, kayanki za a fitar waje. Kuma ba lalaci ne ya kai ki shago ba, irinki suna da yawa a gari: an rushe gidajen haya, 'yan ɗakunan da suka rage an hana mace marar miji.

Sai dai yayanki ma yana da gaskiya. Yara mata na wanka a banɗakin kasuwa, dole hankalinsa ya tashi. Inda ya yi kuskure shi ne, maimakon ya nemo ɗaki sai ya nemi yara.

Yawancin masu gida ba auren ne ya dame su ba, wanda zai tsaya miki suke nema. To ɗauki wayar nan yau. Ki ce masa ranar da ya sa zai zo kwasar yara, ya zo kafin ita, ya sa babbar rigarsa, ku je wurin mai gidan da kika ga ɗaki tare da shugabar ƙungiyarku ta teloli, su sa hannu sun tsaya miki. Ki kuma tambayi matan kasuwa masu irin matsalarki, in kun kai huɗu ku kama gida sukutum.

Dillali ya ce ki nemo mai gemu. Ai kina da shi, kuma cikinku ɗaya, ba sai kin ara ba. Allah ya ba ku ɗakin da za ku kulle da hannunku, ke da 'yan matanki.

Anti