Tsagen Alhaji Bello

Hayin Banki, Kaduna

Zuwa ga Maman Nura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya ƙafar tata?

Damina biyu ke nan rabona da Sabon Birni, kuma har yau fuska ɗaya nake zanawa. Maigidana a wurin koyon zane, Malam Sharhabil, ya ce ba zan taɓa fuskar mai rai ba sai na iya kwaikwayon hoton da ya zana na marigayi Alhaji Bello, wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi. In share shago, in wanke buroshi, in kwaikwaya, ya goge. Bakinsa bai san yabo ba, amma gaskiya hannunsa ba na wasa ba ne.

Yanzu 'yar marigayin, Hajiya Bilkisu, tana son irinsa ta kai wa ƙaninta. Idon Malam ya yi rauni, sai ya ba ni aikin. Ya ce in ta karɓa na zama mai zane, in ta ƙi in kama gabana. Ranar Asabar za ta zo. Ki sa Inna ta yi mini addu'a.

Naki,
Rabe

Maman Nura,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya.

Ta zo. Ta daɗe tsaye gaban hoton, har hankalina ya fara kwanciya. Sai ta nuna kumatu, ta tambayi Malam yaushe ubanta ya koma Bagobiri. Alhaji Bazamfare ne. Ido, hula, har furfurar gemu duk na fitar daidai, amma da na zo kan tsage ban ɗaga kai na dubi zanen Malam ba. Hannuna ya ja irin namu na Gobirawa, na fuskar Baba.

Malam ya duba aikin kafin zuwanta, bai gani ba. Wannan ya fi ƙona masa rai, don a gabanta aka gane idonsa ya tafi. Na roƙa a bari in gyara. Hajiya ta yarda, shi ya ƙi. Ya sallame ni.

Ina jin haushinsa, wallahi. Amma bai ɓoye mini sharaɗi ba, kuma kuskuren nawa ne.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Wani mai rubuta allon shaguna a Kawo ya ce in zo mu gwada. Abin da na tsira da shi: buroshi huɗu, rabin gwangwanin farin fenti, da hoton da aka ƙi.

Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Rabe