A Ba Mu Makullin Tudun Kufai Kafin Ruwa Ya Zo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Tudun Kufai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomin shinkafa ne a fadamar da ke gindin tudun nan, ƙasar Haɗeja. Ran da kuka zo kuka ce za a mai da shi wurin shaƙatawa da adana tarihi, ni na fara sa albarka. Yau kuwa hankalina bai kwanta ba.

Na ɗaya. Kun kewaye tudun da waya, kun garƙama kwaɗo. Wataƙila ba a gaya muku ba: duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, nan muke gudu. Kowane gida da bishiyarsa tun kaka da kakanni, ba takarda, ba rigima. Tamu tsamiya ce, gabas da tsofaffin ramukan rini. A gindinta muke ɗaure awaki, mu jibge hatsi, mu kafa rumfa har ruwa ya janye. Shi ya sa ba mai ɗaga wa icen tudun nan gatari, komai wuyar makamashi.

Na biyu. Bayan girbi na leƙa ta waya, sai na ga an shafa wa tsamiyarmu jan fenti, har da kukar gidan limaminmu, Malam Goni. Mai gadi ya ce wai alamar kariya ce. To, na sha ganin jan fenti a daji, kuma duk icen da na gani da shi, gawayi ya zama.

Na uku, wanda ya fi tsaya mini a rai: turakun simintin da aka kakkafa a jere ta yamma. Ko makaho ya shafa ya san fulotai ne. Tsuntsayen da kuka ce baƙi za su zo kallo ne za su yi gini?

Ban ce kun ci amana ba, amma biri ya yi kama da mutum.

Roƙona, a tara mu gaban mai unguwa a nuna mana taswirar aikin, a goge fentin, a bar makulli ɗaya a hannun liman. Damina ta ƙarato, ni kuwa ina da tsohuwa a gida da ba ta iya takawa. In na goyo ta cikin ruwa na tarar da kwaɗo, ban san inda zan sauke ta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya.

Wassalam.

Naka,
Bukar Ɗanfadama