Wa Zai Feɗe Ragon Bana

Salaga,
ranar da aka ga watan Zulhajji.

Zuwa ga Sadiatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin mai jego, 'yarmu Bashiratu? Yaya kuma sabon angon naki, wanda ya ƙwace min mata ya ajiye a Bawku tun bai iya riƙe wuyansa ba? Ki gaya masa ina nan tafe, za mu yi ta ta ƙare.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Ai ina kira, amma kullum ɗakin naku cike yake da 'yan barka, daga "lafiya lau" sai "a gaida gida" mu kashe. Shi ya sa na ba Sidiku direba wannan, tunda zai kai doya ta wajenku.

Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai girma da ya ƙara. Shekaranjiya na ce bari in gwada shinkafa, abin da ya fito daga tukunyar har kajinki sai da suka yi shawara kafin su taɓa. Na koma sayen wake da shinkafa a tasha. Ɗanmu Nashiru ya bugo daga Kumasi, ya ce wurin aiki ba su ba shi hutu ba. Ban yi masa faɗa ba. Ke nan sallar bana daga ni sai rago, kuma ita ce ta farko da za mu yi babu Baba. Ina ƙoƙarin kada in yawaita tunanin wannan, amma da na shigo gida ɗakinsa nake fara gani.

Akwai abin da na yi da nake jin za ki yaba. Kin san Baba Hudu, aminin Baba tun suna samari suna bin motar goro, shi ke feɗe mana ragon layya tun kafin in yi wayo. Kin kuma san yadda aikin nasa ya koma: hannu na rawa, fata duk huji, nama ba ya hawa wuta sai la'asar. Tun bayan rasuwar Baba, da Zenabu 'yar ƙanen Baba Hudu ta ɗauke shi zuwa Yendi, nake tunanin wahalar da zai sha a kan hanyar Bimbila cikin daminar nan, mutumin da ya haura tamanin. Sai na buga wa Zenabu na ce ta gaya masa ya yi zamansa ya huta. Na riga na shirya da wani mahauci daga kwata, cinyarsa kuma zan aika masa a mota har gida. Da na kashe wayar sai na ji na sauke nauyi.

Ki gaida surukanmu baki ɗaya. Ki riƙa shan maganinki, kada hidimar wankan jego ta sa ki manta.

Naki,
Abdul-Gafar.

Salaga,
jajiberin Sallah.

Sadiatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mai jego da ta jaririn. Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso. Na buɗe ina jiran yabo, sai na tarar da "ba ka kyauta ba" a layin farko, ko gajiyata ba ki tambaya ba tukuna. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ajiye takardar na tafi kasuwa ina ta yi miki gardama a zuciyata har rumfar doya.

Amma da yamma na buga wa Zenabu. Ta ce ta isar da saƙona tun ranar, Baba Hudu ya saurara har ƙarshe, ya ce madalla, Allah ya yi albarka, bai ƙara komai ba. Na ce ta ba shi wayar mu gaisa, sai ta dawo ta ce wai kunnensa na ciwo. Kafin in kashe ta ce ya ba ta saƙo: kada in wahalar da kaina da aiko cinya, akwai nama a Yendi, in ba mabuƙata.

Sadiatu, kalmar nan ta mabuƙata ta tsaya min a rai. Tun da kasuwancinsa ya karye Baba Hudu bai sake yanka ragon kansa ba, kowa ya sani. Amma duk faɗin Salaga ba wanda ya taɓa lissafa shi cikin waɗanda ake aika wa nama. Shigowa yake da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya tuɓe babbar riga, ya yi ta ba mu umarni, ya tafi da rabonsa kamar kowane mai gida. Shi da Baba ko ruwa ba sa sha da safen Sallah sai an gasa hanta sun ci tare. Ni kuma da baki ɗaya na mai da shi wanda ake aika wa.

Yau na share ɗakin Baba, ban san dalili ba, ba wanda zai kwana a ciki. Maƙwabta kowa da baƙinsa, ana ta sauke kaya daga mota, yara na nuna wa juna takalma. Ni ina zaune a tsakar gida, rago na kallona ina kallonsa.

Tsorona ɗaya ne. A duniyar nan saura mutum guda da ke kirana "ɗan Tijani", yana daka min tsawa in ji daɗi. Ina tsoron na rasa shi alhali yana da rai. Da kina nan da kin gaya min abin yi, ko da da faɗa ne. Na yi kewarki ƙwarai.

Barka da Sallah tun yanzu, ki miƙa min ga kowa.

Mijinki,
Abdul-Gafar.

Salaga,
bayan Sallah.

Zuwa ga Sadiatu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi ta lafiya, ke da mai jego da angonki da dukan mutanen gidan. Ki nemi wuri ki zauna, wannan tana da tsawo.

Ranar Sallah ban yanka rago ba. Na dawo daga idi na tarar da mahaucin yana jira a ƙofar gida, na ba shi haƙuri na sallame shi. Na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna, wai ko tsohon ya huce ya hau mota. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na leƙa. Maƙwabta suka yi ta aiko nama, na jera kwanukan a ɗakinki ban buɗe ba. Sai da azahar ta wuce na yarda ba mai zuwa. Ban taɓa sanin sallah na iya yin shiru haka ba.

Washegari da sassafe na ja ragon zuwa tasha. Tunda kwanakin yanka ba su ƙare ba, na ce in shi ba zai zo wurin rago ba, rago zai je wurinsa. Kada ki tambaye ni dariyar da aka yi min. Wata mata a motar ta tambaya ko a Yendi ake sayar da wuƙaƙe. Hanyar kuwa duk taɓo, ni da ragon muka isa launinmu ɗaya.

Gaskiya Zenabu da mijinta suna riƙe da shi da kyau. Na same shi a zaure cikin sabuwar riga, ga kwanon nama a gabansa, ga matashi a bayansa, ko buta ba a bari ya ɗauka. Ya rame. Ya amsa gaisuwata tsaf, ya tambayi lafiyarki da ta yara ɗaya bayan ɗaya, yana ce min Alhaji. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na fara da ƙarya, na ce mahaucin ne ya saɓa alkawari. Ya dube ni ya ce ashe mahautan Salaga sun ƙare. Sai na faɗi gaskiya, na ce ni na kore shi, na kasa yanka ragon, na kuma kasa cin naman kowa. Can ya ce ai wuƙar ba ta hannunsa, ranar da saƙona ya iso ya bayar da ita. Sadiatu, wuƙar da ta girme ni. Na sunkuyar da kai.

Ina cikin haka sai na ji ya ɗaga murya yana kiran Zenabu, ta aro wuƙa wurin maƙwabta, ta kawo dutsen washi. Ya tuɓe sabuwar rigar ya jefa kan matashi. Wuƙa uku aka kawo, duka ya kushe, sannan ya zaɓi ɗaya. Na yanka, muka rataye ragon a bishiyar darbejiya ta bayan gida, ya fara fiɗa yana faɗa wai ban iya riƙe ƙafa ba, ɗan Tijani har yau hannuna na biro ne. Ni da rabona da biro tun makaranta, in ba wasiƙun nan naki ba. Daɗi ya kama ni har na kusa yin dariya.

Bai kai rabi ba hannun ya ƙi. Wuƙar ta riƙa zamewa, ta huda fatar, ta sake hudawa, numfashinsa na fita da ƙyar. Ga Zenabu tsaye da roba, ga yaran gidan sun kewaye mu sun zuba ido. Na ga bakinta ya fara motsi za ta ce ya bari a kira wani. Shi kuma ya ƙi ɗagowa, ya ƙi sakin wuƙar.

A nan wani abu ya faɗo min. Shekarun nan na baya, duk sanda fiɗa ta kai tsakiya, sai Baba ya ce yajin gida bai yi masa ba, ya tura ku mata ɗakin girki ku daka wani, ni da Nashiru ya aike mu neman gawayi, ga gawayi buhu guda a gida. Ni haushin aiken nake ji, mutum da furfurata. In mun dawo sai mu tarar an gama, Baba Hudu na goge wuƙa, Baba na wanke hannu a gefe wai jini ne ya fallatsar masa.

Sai na ce wa Zenabu ni ba na cin hanta sai da yajin kasuwa, ta taimaka ta kwashi yaran su nemo min. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sannan ta ajiye robar ta kaɗa su gaba.

Da suka fita na miƙa hannu. Ya ɗan riƙe, sannan ya sakar min. Ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa, ni kuma na ƙarasa yadda na iya. Da na jiyo muryoyinsu a zaure na mayar masa da wuƙar, ya miƙe ya tsaya gaban ragon. Zenabu ta shigo tana yi masa sannu da aiki, ya amsa.

Muka gasa hantar muka ci mu biyu. Ya ci kaɗan, ya ba ni labarin yadda shi da Baba suka taɓa kwana a gaɓar ruwa a Krachi suna gadin huhun goro, labarin da na ji sau ba adadi. Wannan karon ban katse shi ba.

Na roƙe shi ya biyo ni Salaga ko na mako ɗaya. Ya ce a'a, ba zai iya shiga gidan nan ya tarar da ɗakin Baba a rufe ba. Ban matsa ba, don ni ma da ƙyar nake iyawa. Na bar musu rabin naman, na dawo da rabi. Ga shi nan na soya yadda na ga kina yi, na kulle gida ni kaɗai ina ta juyawa, ban san wa zai ci ba.

Don haka ki sani tun yanzu, baɗi in da rai a Yendi zan yi yanka. Na gaya masa haka da ya rako ni bakin zaure yana dafe da bango. Na ɗauka zai ce kada in wahalar da kaina. Sai ya kama hannuna, ya rage murya don kada Zenabu ta ji, ya ce to, amma in zan zo in nemo ƙaramin rago.

Ki gaida Bashiratu da mijinta, ki shafa min kan yaron. Da an yi arba'in ki kamo hanya, don Allah kada ki ƙara ko kwana ɗaya.

Naki har kullum,
Abdul-Gafar ɗan Tijani.