Gurmin Kawunka Abdulgani

Zuwa ga angona Nafi'u, a Tamanrasat. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya tsare ka da lafiya. Mu ƙalau, sai gwiwata. Tunda ka ƙi turo mini turmin zane, ga aikin yi: mene ne mai ciki da dogon wuya, bai taɓa cin tuwo ba, amma yau yana tsare a hannun hukuma?

Kana goye lokacin da kawunka Abdulgani yake waƙa. Kasuwar Belbeji takan watse ta dawo gabansa. Da wani attajiri ya killace burtalin shanu ya mai da shi gona, kawunka ya yi masa waƙar da ta kai shi gidan kaso wata huɗu. Da ya fito ya koma lakwal, karatun boko, wai zai gyara hukuma daga ciki. Ranar da ya zama alƙali ya miƙa wa ɗan amshinsa Jibrin kayan kiɗansa a tsakar gidana. Ka san ƙa'idar mawaƙa: wanda aka miƙa wa, ba shi da ikon barin waƙoƙin su mutu.

To bana aka sake toshe burtalin. Jibrin, da furfurarsa da haƙora uku, ya tada waccan waƙar ranar kasuwa. Samari suka zabura suka ƙone shinge, wani ya karye a ƙafa. Zandarma suka kwashe Jibrin da abin da ke rataye a kafaɗarsa, sai gaban kawunka.

Na aika masa cewa in ya ɗaure mutumin nan, kada ya ƙara cin tuwona. Ya aiko wai shi takarda yake bi. An ce lokacin da magatakarda yake karanta baitin waƙar a jastis, wato kotu, ya yi tuntuɓe, kawunka ne ya gyara masa, kansa a sunkuye. Sannan ya yanke wa Jibrin wata shida.

Ran Juma'a kawunka ya zo nan Ollelewa, ya zauna a zaure har la'asar. Na tuƙa, na rufe, ban aika ba. Nafi'u, ni na haife shi, kuma na ji tarinsa.

Ka gaishe da Raliya da mai sunana Zalika. Taka amarya, tsohuwa Zalika.

Amsar kuwa gurmin kawunka ne. Yana ɗakin ajiyar jastis, an ɗaura masa lamba a wuya.