Kashin Biri a Firizar Yaya Turai

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Na iso gidan yayata a Agege, Legas, da kula biyu da ciwon baya. Kwana biyu a mota daga tasharmu ta daji, duk garin da muka tsaya sai na sauka neman ƙanƙara kamar mahaukaci. Abin da ke ciki: kashin gwaggon biri na shekara tara, cikin ƴan kwalabe masu murfi. Da shi ake auna lafiyar garken da muke bi. Firizar tasha ta fara mutuwa, shi ya sa za a tura su ɗakin gwaji a waje. Idan suka narke sau ɗaya, aikin ya tashi a banza.

Yaya Turai ta ce mene ne? Na ce kayan ofis. Ta matsar da zoɓon da take sayarwa ta ba ni ƙasan firizarta. Ai ban yi ƙarya ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ikeja. Takardar izinin fitarwa ba ta fito ba, ogan ofishin ya yi tafiya. Danfo, motar hayar Legas, ya yaga mini riga.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An ɗauke wuta tun safe. Na tayar da janareto, maƙwabta suna ta tsaki. Jethro, mai bin sawun birai, ya hau dutse don samun layi ya kira ni, wai rufin ɗakin ajiya ya yaye, kuma masu aiki biyu sun daina magana da juna a kan tukunya. Tukunya! Ni da ke Legas zan raba faɗan tukunya? Na ce ya saya musu wata, layi ya yanke.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Asiri ya tonu. Ina masallaci Yaya ta buɗe firiza tana neman wurin sa kunun aya, ta kwance ledar kayana. Da na dawo tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ridwanu, najasa? A inda nake sa abin da bayin Allah ke sha? Karatun da Baba ya sayar da gona a kansa ke nan?"

Na ce a rufe suke, leda uku. Ta ce ko leda ɗari ce, kashi sunansa kashi. "Oya, kwashe."

Raina ya ɓaci sosai. Mutum ya yi shekara tara yana tashi da asuba yana bin biri cikin ƙaya, a ce masa oya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na zagaya masu kifin ƙanƙara ina neman wurin ajiya a firizarsu. Da na faɗi gaskiya, ɗaya ya yi dariya har ya kira abokinsa ya zo ya gan ni. Babu wanda ya karɓa. Na dawo ƙanƙarar kula ta soma zama ruwa, na zauna a dakali na rasa abin yi. Tsoro ya kama ni, ba wasa ba.

Yaya ta fito ta kalle ni, ta kalli ruwan da ke ɗiga. Ta kwashe zoɓonta kaf ta kai gidan Magdalina maƙwabciyarmu, ta bar mini firizar gaba ɗaya. "Kada ka gode mini," in ji ta. "Haushi nake ji."

Talata, 11 ga Fabrairu

Oga ya dawo, amma mai hatimi ba ya nan. Allah ka ba ni haƙuri.

Magana ta zagaya layin nan. Masu kifi ne, na sani. Yau mace ɗaya ce ta sayi zoɓo, ita ma baƙuwa. Wata ta wuce tana toshe hanci. Alhali zoɓon ma ba a gidan yake kwana ba! Yaya ta ce in bar su, baki ne. Amma na ga ta zubar da jarka biyu da suka yi tsami.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Takarda ta fito. Kaya sun hau jirgi, a daskare tsaf. Na zaci zan yi tsalle. Na dai dawo na wanke firizar da ruwan zafi, Yaya ta sake wankewa, ta sa na sake.

Jethro ya kira: yaushe zan dawo? Na ce jibi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ban tafi ba. Na gaya wa Jethro motar ta cika. Rufi zai iya jira, birai kuma ba su san ina raye ba.

Tun hantsi nake zaune a bencin ƙofar gida ina shan zoɓo inda kowa zai gani. Gora ta huɗu ke nan, cikina sai ƙugi yake. Mai wanki ya tsaya ya daɗe yana kallona, da ya ga ban faɗi ba ya sayi ɗaya. Bayansa mata biyu.

Yaya ta leƙo ta ce, "Kai ba ka da aiki a daji ne?"

Na ce zafi ake yi, ƙaro mini.