Na Kai Jemima Kan Fako

Gidan Gado, ƙasar Karofan
14 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Hulda, matata, uwar ɗiyata, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, sanyin randa cikin watan zafi, ƙanshin da ƙasa ke tayarwa ranar ruwan fari. Ke da idona bai ƙoshi da ke ba tun ranar da na fara ganinki bakin rijiyar Galma har wayewar garin yau.

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Ina gaida Yaya Hannatu da ta riƙe ki, da dukan matan da kuke wanki tare a asibitin mishan. Damina uku ke nan rabon gidan nan da jin muryarki. Wasiƙa uku na aiko miki, dukansu labarin gero da awaki na cika su da shi, kamar mutumin da ba shi da zuciya. Wannan ta huɗu ba irinsu ba ce. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, in kuma Yaya na kusa, ki kira ta ta zauna gefenki.

Kin san ƙasarmu, ko da yake ba ki taɓa sonta ba, ban kuma ga laifinki ba. Ke ɗiyar fadama ce. Kin tashi kan baƙar laka mai riƙe ruwa, wadda ke kama ƙafa da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shige, ta kuma ba da albasa da dawa ba rowa. Ni kuwa na ɗauko ki na kawo ki gindin dutse. Bisanmu fako ne, jan ƙasa mai tsakuwa da ta daskare kamar tukunyar da anka gasa, inda hauya ke tsalle ta dawo wa mai ita, inda ba abin da ke tsira sai geza da anza. Wata tara sama ba ta ɗigo mishi komai, ranar da za ta ba shi kuwa sai ta juye mishi duka cikin awa guda, shi kuma ba ya shan ko ludayi ɗaya. Tattarawa yake ya turo mana ƙasa. Ƙarƙashinsa gonarmu take, kan gangare, jan rairayi mai laushi da bai wuce kamu biyu ba, a ƙarƙashin rairayin kuma farar ƙasar nan mai gari, wadda in ruwa ya taɓa ta take narkewa kamar gishiri cikin miya.

Kin tuna da ita, haskena? Kin tuna shekarar da kike da cikin Jemima, abinci duk ya fita ranki, ba abin da kike kwaɗayi sai wannan farar ƙasa? Lokacin kwazazzabon da ke gefen gona bai kai a kira shi kwazazzabo ba, ɗan tsagi ne da akuya ke tsallakewa. Na durƙusa cikinsa na kankaro miki da wuƙa, na kawo miki cikin hulata. Kinka zauna gindin aduwa, kina ci kina dariya, leɓunanki sun yi fari fat, kina ce mini duk abin da na kawo miki na aure bai kai wannan daɗi ba. Iska na kaɗa gero, hadari na haɗuwa gabas, ke kuma fuskarki ta fi walƙiyarsa haske. Ashe akwai ranar da mutum ke riƙe da duniya duka a hannu bai sani ba? Me ya sa ba wanda ya taɓa kafaɗata ya ce in dube ki da kyau, irin wannan dariyar ba ta da yawa?

Ba zan maimaita miki bazarar sanƙarau ba. Ke kinka goya Jemima, ke kinka ji lokacin da wuyanta ya sandare, ke kinka ji lokacin da ta yi sanyi a bayanki tun ba mu kai hanyar mota ba. Shekararta huɗu. Da yake mu kaɗai ne masu bin Almasihu a garin, ni na zaɓi gindin aduwar nan, don wurin da kinka yi dariya ne. Ni na zaɓa, Hulda. Ranar na auna da ƙafata: taki arba'in tsakanin kabarin da bakin kwazazzabo. Na ce ko jikokinmu ba za su ga ruwa ya iso nan ba.

Shekara guda kinka yi kina yawo cikin gida kamar wadda anka zare wa laka. Ba ki ƙara taka gonar ba. Sannan kinka ce mu tashi, mu koma wajen Yaya, an ce ana neman mai gadi a asibiti. Na ce ba ni zuwa. Kinka tambaye ni dalili, na ce gonar ubana ce. Kinka dube ni, kinka ce: "To, ka auri gonar." Kinka ɗaure kayanki.

Ƙarya na yi miki, abar ƙaunata. Yau zan faɗa miki gaskiya.

Kwana uku kafin wannan magana, na je na sake aunawa. Taki ashirin da bakwai na samu. Damina ɗaya ta ci goma sha uku. Na sauka ciki na ga yadda yake ci: ruwan fako in ya gangaro sai ya faɗo daga baki, ya kwarzane farar ƙasar daga ƙarƙashi, ya bar jan rairayin rataye ba abin da ke riƙe da shi, can sai ka ji ya rufto. Kan kwazazzabon kuma bai nufi ko'ina ba sai aduwa. Ta yaya zan dubi macen da ba ta iya haɗiye fura, in ce mata ruwa na zuwa ya ɗauki abin da ya rage mata? Da wane baki? Na ga ya fi mini sauƙi ki ƙi ni da ki san wannan. Na bar ki kinka tafi kina tsammanin na fifita rairayi a kanki, ke da zan ba da gonakin ƙasar Adar duka don in ga inuwarki ta gilma bakin ƙofa.

Tun daga ranar, dutse nake ɗauka. Ni da jaki, daga kan fako zuwa bakin kwazazzabo, rani biyu cur. Na jera layi bakwai na duwatsu don in rage wa ruwa gudu, na cusa ƙaya da kara, na dasa gamba. Bara da ruwa ya yi ƙaranci, mutane na kuka geronsu ya ƙone, ni, Allah ya gafarta mini, godiya nake a ɓoye, don taki biyar kaɗai anka ci. Har na fara tsara maganar da zan zo in faɗa miki, in ce na gama, na tsare ta, ki dawo.

Bana sama ta buɗe. Tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Kowane ruwa sai ya tafi da layi ɗaya. Ranar Alhamis ta ƙarshen Agusta, da azahar, ina cikin gona aka fara. Ban taɓa jin fako ya yi irin wannan ruri ba, kamar kamiyo goma, manyan motocin kayan nan, na gangarowa tare. Ruwan ja wur, ɗauke da duwatsun da na yi shekara biyu ina jerawa, yana mirgina su kamar goriba. Ina tsaye, ba abin da ke hannuna sai hauya. Na ga gonar ubana na faɗawa yanki-yanki da geronta a tsaye. Na ga aduwa ta karkata, saiwoyinta sun fito waje suna lilo. Da ruwan ya tsagaita na matsa, sai na ga bakin tabarmar da munka naɗe ta ya leƙo daga jikin gaɓa.

A nan na zauna. Ban san tsawon zaman da na yi cikin taɓo ba, sai na ji hannu a kafaɗata. Baba Kalla ne, maƙwabcinmu, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Ashe ya daɗe da gane abin da nake tarewa, bai dai taɓa yi mini maganar ba. Ya duba gabas, ya ce: "Andarawus, wani hadarin na haɗuwa. In munka bar ta nan, gobe a fadama za mu neme ta. Tashi, ɗana. Tamu ce ita ma."

Mu biyu munka fito da ita, da hannu, ba mu sa ƙarfe ba. Inna Furera, matarsa, ta zo da farin ƙyallen da ta ajiye wa kanta don ranar tata tafiyar. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce: "Ni ina da sauran kwana, a naɗe yarinya." Ba zan faɗa miki abin da idona ya gani ba, sai abu ɗaya: shuɗiyar tsakiyar adon da kinka ɗaura mata a hannu tana nan, zaren bai tsinke ba. Ban cire ba. Na rungumo ta zuwa gida, ba ta kai nauyin damin kara ba, na kwantar da ita a ɗakinki, kan gadonki. Kafin la'asar ta yi sanyi ruwa na biyu ya sauko, ya tafi da aduwar da ramin gaba ɗaya.

Baba Kalla ya ce kada mu sake ba rairayi amana, mu kai ta kan fako. Maza bakwai sunka fito da diga, ban roƙi ko ɗaya ba. Kwana biyu muna sara. Diga na tartsatsin wuta, hannuwa sunka fashe, munka zuba tulu bayan tulu don ƙasar ta yi laushi, ruwan ya kwanta bisa yana kallonmu. Ƙasar da na zaga tun ina yaro, wadda na ce Allah bai yi ta don komai ba, ita ce ta ƙi mu da taurin da ya kwantar mini da rai, don na san abin da ya gagari maza bakwai ba zai ba ruwa hanya ba. Da ramin ya kai ƙirjina munka sa ta. Na yi addu'a irin tamu, su kuma sunka tsaya baya kaɗan har na gama. Munka ɗora manyan duwatsu, na kewaye da ƙaya. Wuri ne mai tsawo, Hulda. In sama ta washe, ana hango hanyar Madawa daga can.

To, ga ni gabanki, tauraruwata, ba abin da na ɓoye kuma. Na yi kuskure da na zaɓi wurin fari, na yi wanda ya fi shi da na rufe miki baki, na bar ki kina kuka biyu, na ɗiya da na miji. Wa ya ba ni ikon yanke miki abin da za ki iya ɗauka? Ke da kinka goya ta har ƙarshe, ni ne zan ce ba ki da ƙarfi? Shekara biyu ina cin tuwon da ba hannunki ba, ina magana da jaki don kada in manta yadda ake magana, ina jin motsin tsintsiya a maƙwabta in waiwaya. Na ƙone kamar geron da ruwa ya ɗauke wa yana cikin bununi. Ba gona nake so ba, ba dutse ba, ba sunan ubana ba. Ke nake so, da fushinki, da shirunki, da duk abin da za ki faɗa mini bayan kin karanta wannan.

Rabin gonar ya tafi. Abin da ya rage, nan da mako uku zan girbe, in bar ta hannun Baba Kalla ya noma. Ba abin da ke riƙe ni a nan yanzu, Jemima ba ta bukatar mai tsaro. In har ana neman mai gadi, zan yi. In shara ce, zan yi. In ɗaukar ruwan wankinku ne, kafaɗata ta saba da abin da ya fi shi nauyi. Na kafa mata gicciye na itacen magarya, amma ban rubuta komai a kai ba. Tun da anka haife ta ba ki taɓa kiran sunanta ba don kunyar ɗiyar fari, "yarinya" kike cewa. Na bar wurin fili, ko wata rana za ki so ki hau, ki faɗe shi da bakinki, ni in rubuta. In ba ki iya ba, ba zan taɓa matsa miki ba.

Laraba ta biyu a watan Oktoba zan zo. Zan tsaya ƙofar asibiti, ɓangaren da kuke shanya, da hantsi. Ba zan aika a kira ki ba, ba kuma zan sa Yaya ta yi miki magana ba. In kin fito, na gode wa Allah. In ba ki fito ba, zan zauna har ku kwashe shanya, washegari in dawo, in sake dawowa. Ban iya abubuwa da yawa ba, Hulda, amma na iya tsayawa wuri ɗaya.

Ni ne mijinki, wanda bai dubi wata ba kuma ba zai duba ba, naki da ƙarfina, naki da tsufana, naki har ranar da za a sara mini nawa ramin,

Andarawus